Za mu ratsa ƙasa a kan keke don tara wa masu jinya kuɗi: me kuka gani?

Ɗan Feda:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau na ce bari in shimfiɗa ta a gabanku. Ni da abokaina biyu muna son mu hau keke daga wannan bakin ƙasar zuwa wancan, tafiyar da za ta haura kilomita 1,500, mu tara kuɗi wa wani asusu da ke tallafa wa masu ciwon daji waɗanda ba su da halin biyan magani. Mu ba 'yan tsere ba ne, ma'aikata ne masu hawa a ƙarshen mako. Shin abin zai yiwu ga irinmu? Me za mu tanada? Kuma yaya ake karɓar kuɗin jama'a ba tare da an koma ana yi wa mutum kallon hadarin kaji ba? Wanda ya san wani abu ya faɗa, ko da mai ɗaci ne.

Malam Lissafi:
Wa alaikumus salam. Tunda ka ce ko da mai ɗaci ne, to ga shi. Ɗauki biro ka rubuta kuɗin gyaran kekuna uku, da abincin mutum uku na sati biyu zuwa uku, da masauki, da man motar da za ta bi ku idan akwai ta, da albashin kwanakin da za ku bar aiki. Haɗa jimilla. Yanzu faɗa mini, me zai hana ku ɗauki wannan kuɗin gobe da safe ku miƙa wa asusun, ku zauna a gida cinyoyinku lafiya? Maras lafiya ba gumin ƙafarka yake bukata ba, magani yake bukata.

Na Gefe:
Malam ya shigo da zafinsa. Ko ruwa bai bari yaron ya sha ba.

'Yar Tsere:
Malam, tambayarka tana kan hanya, amma akwai abin da lissafin ya tsallake. Kuɗin da za su kashe nasu ne su uku. Kuɗin da suke son tarawa yana aljihun mutane ɗari, ko dubu, waɗanda ba za su taɓa tunawa da wannan asusu ba idan babu abin da ya ja hankalinsu. Keken shela ce kawai. A jihar Massachusetts ta Amurka akwai hawan keke na kwana biyu da ake kira Pan-Mass Challenge, wanda Billy Starr ya fara a 1980 bayan ciwon daji ya kashe mahaifiyarsa. Shekarar farko mutum 36 suka hau, suka tara dala 10,200. A 2024 jimillar abin da suka miƙa wa cibiyar Dana-Farber mai binciken ciwon daji ta haura dala biliyan 1. Da a ce waɗancan 36 ɗin kowa ya ajiye kekensa ya ba da kuɗin abincinsa, da tun a 1980 maganar ta mutu.

Malam Lissafi:
Ƙanwata, na ji daɗi da kika kawo wannan misalin, domin ni yake goya wa baya. Kin san abin da ya sa mutane suka amince da su? Duk dalar da mahayi ya tara tana tafiya cibiyar ɗungurungum, ita kuma ɗawainiyar taron kamfanoni masu ɗaukar nauyi da kuɗin rajistar mahaya ne ke biyanta. Aljihu biyu ne, ba sa haɗuwa. Ki kwatanta da hawan keken tara kuɗin yaƙi da ƙanjamau da aka yi ta yi a Amurka daga 1994, wanda kamfanin Pallotta TeamWorks ke shiryawa. An tara miliyoyi, babu musu, amma aka yi ta ƙorafi cewa a wasu tafiye-tafiyen kaso mai tsoka ya tafi ga talla da ɗawainiya, ƙungiyoyi suka fara janyewa, kamfanin ya rufe a 2002. Mai kamfanin har yau yana kare kansa cewa ba a tara babban kuɗi sai an kashe kuɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wanda ya ba da taro da sisinsa yana tunanin allura ya saya wa wani, ranar da ya gano man mota ya saya, ba zai ƙara bayarwa ba, ba ku kaɗai ba har wanda zai zo bayanku.

Ɗan Feda:
Malam, gaskiya da mun yi tunanin cire kuɗin abinci da masauki daga abin da aka tara, mu miƙa sauran.

Malam Lissafi:
To nan ne za a yi ta. Kada ku yi. Ku biya wa kanku tafiyar, ko ku nemi mai ɗaukar nauyinta daban, a rubuce, kowa ya sani. Kuɗin marasa lafiya kuma kada ya ratsa ta asusun bankin ɗayanku ko na minti ɗaya. Ku je wurin masu kula da asusun, ku karɓo takardar amincewa da hatiminsu, lambar asusunsu ita za ku wallafa. Idan ta shafin tara kuɗi na intanet za ku bi, irin su GoFundMe ko JustGiving, ku duba ko yana aiki a ƙasarku, ku kuma karanta abin da ake cirewa a kan kowace gudummawa, ku faɗa wa jama'a tun farko. Wanda ya tare ku a hanya ya miƙo tsabar kuɗi, a rubuta a littafi a gabansa, a zuba a banki a gari na gaba, a wallafa rasit ɗin.

Kawu Mai Gyara:
Ku gama da kuɗin tukuna, ni kekunan nake son gani. Ɗana, wane irin keke ne da ku?

Ɗan Feda:
Kawu, biyu na tsere ne masu siririyar taya, ɗaya kuma na hawan dutse. Muna tunanin sayen sababbi kafin tafiyar.

Kawu Mai Gyara:
Kada ka kuskura ka hau sabon keke ranar tashi. Idan za ku saya, ku saya wata uku kafin lokaci ku murza shi ya saba da ku. Sabon sirdi musamman, shi ne ke mayar da jarumi gida.

Siririyar tayar nan ta tsere ku cire ta, ku sa mai faɗin milimita 32 zuwa 38 idan firam ɗin zai ɗauka. Gudun da za ku rasa kaɗan ne, amma faci zai ragu, hannu da baya za su huta. Na dutsen kuma a cire masa taya mai ƙuraje a sa mai santsi, in ba haka ba mai shi zai riƙa aikin mutum biyu. In da hali, duka ukun su zama girman ƙafa ɗaya, don tib ɗaya ya shiga kowanne.

Abin da ke lalacewa a doguwar tafiya sananne ne. Ƙafar baya ce ke ɗaukar nauyi, wayoyinta ne ke tsinkewa, kuma kusan kullum ta gefen giya, inda ba ka iya sauya waya sai ka kwance giyar. Don haka a kai ƙafar a ɗaure ta daidai tun a gida, mai waya 36 ta fi mai 24 a wannan aikin. Sabuwar kaca za ta kai ku ta dawo da ku, kilomita 1,500 ba komai ba ne a wurinta muddin ana goge ta ana ɗiga mata mai. A sauya robar birki da wayar birki kafin tashi. A jaka kuma: tib biyu-biyu, kayan faci, famfo mai kyau, makullai, abin yanke kaca da mahaɗinta, wayoyin ƙafa kamar huɗu, da taya guda ta ko-ta-kwana. Kuma kowannenku ya iya faci da hannunsa, ba a ce wane ne gwani ba. Ranar da gwanin ya yi gaba da kilomita biyar fa?

Na Gefe:
Kawu, wannan ai shago za su buɗe a hanya.

Kawu Mai Gyara:
Duka abin da na lissafa bai kai nauyin takalman da za ka ɗauka don ɗaukar hoto ba.

Anti Nas:
Bari in shigo ta ɓangarena. Mai hawan ƙarshen mako yakan auna kansa da rana guda: na yi kilomita 120 ranar Asabar, ashe zan iya. Amma ranar Lahadi yana kwance. Tafiyar nan ba ta rana guda ba ce, tambayar ita ce ko za ka iya sake hawa sirdin da safe bayan jiya da shekaranjiya. Rana ta uku da ta huɗu su ne masu wuya. Saboda haka atisayenku ya zama na kwanaki a jere, biyu, sannan uku, da kayan da za ku ɗauka a kan keken, kuna ƙara nisa a hankali tsawon wata uku zuwa huɗu. Kuma kowa ya je a auna hawan jininsa da sukari da zuciya kafin a fara.

Abin da ya fi tsayar da mutane, ku yi haƙuri da maganar, mazaunai ne. Gumi da gugar fata da matsin sirdi su ke haɗuwa su zama ƙurji, ƙurji ya zama maruru, shi ke nan. Wandon keke mai soso a ciki ake sawa, ba a sa wani abu a ƙarƙashinsa, a cire shi da zarar an sauka, a wanke, a shanya, gobe a sa na biyu. A shafa man hana guga. Tsayin sirdi kuma a daidaita: ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ya yi sama. Idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara mutuwa, jijiyar tafin hannu ce ke danne, a riƙa sauya riƙo, a sa safar hannu.

Ɗan Feda:
Anti, abinci fa? Ɗaya daga cikinmu yana ganin wannan dama ce ta rage tumbi.

Anti Nas:
Ka gaya masa ya rage tumbinsa a gida. Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana aiki da ƙarfi. Idan ya ƙare, ƙafa takan mutu lokaci guda, ido ya yi duhu, mutum ya fara rashin hankali a kan titi, kuma nan ne haɗari yake. Masana abincin 'yan wasa suna ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa, wato kamar ayaba ɗaya zuwa biyu. Ana ci ne kafin a ji yunwa. Ruwa kamar rabin lita zuwa sama a awa, gwargwadon zafi da gumin mutum. Sai dai ku kula, ɗirkar ruwa zalla ba gishiri bayan an yi ta gumi yana tsinka gishirin jini, abin da kan kawo ciwon kai da amai da ruɗewa, har ya kai ga kisa. Ku riƙe ƙunshin gishiri da sukari na ORS. Kuma wanda ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi cikin rana, a sauke shi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi asibiti. Ba a lallashinsa ya ƙarasa kilomita goma.

Tsohon Direba:
Na karanta duka. Ni babbar mota na tuƙa har na ajiye, don haka bari in faɗa muku yadda kuke a idon wanda ke sama. Ba ma ganinku. Ba mugunta ba ce. Gefen mota akwai wurin da madubi ba ya kaiwa, mai keke zai iya shiga ciki ya yi tafiya mai tsawo direba bai san da shi ba. Idan mota za ta sha kwana, ƙafafun baya suna yanko hanya ta ciki, duk wanda ya tsaya tsakaninta da gefen titi ya shiga uku. In ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Sannan iskar da mota ke turowa idan ta wuce ka da gudu, da farko ta ture ka waje, daga baya ta zuƙo ka ciki. Riƙe kan keke da hannu biyu.

Lokutan da na fi tsoro su ne asubahi da gab da magariba, da kuma lokacin da rana ke ƙasa tana dukan gilashi. Direban da ya kwana yana tuƙi, ƙarfe biyar na asuba rabinsa barci yake.

'Yar Tsere:
Baba, a nan akwai matsala, domin duk mai hawan nesa so yake ya tashi da duku-duku ya ci nisa kafin rana ta take.

Tsohon Direba:
Na sani, 'yata. Su jira gari ya waye sosai. Rabin awa ba za ta kashe su ba.

'Yar Tsere:
Gaskiyarka ce. Mike Hall, ɗan Birtaniya, yana cikin gwanayen hawan nesa na duniya, shi ya kafa tseren ratsa Turai. Ranar 31 ga Maris 2017 mota ta buge shi ya mutu kusa da Kanbera, da sauran duhun safiya, ana cikin tseren ratsa Ostireliya. Ƙwarewa ba ta hana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Don haka hular kwano, riga mai ƙyalli, jar fitila mai walƙiya a baya ko da rana tsaka, da ƙaramin madubi. Hanya kuma kada ku bar taswirar waya ta zaɓa muku, ita mafi kusa take nema, ku kuwa mafi ƙarancin manyan motoci kuke nema ko da za ta ƙara muku kwana guda. Ku tambayi direbobi da mutanen kowane yanki halin hanya da na tsaro, inda aka ce kada a bi, a ɗora kekuna a mota a tsallake, a kuma faɗa wa masu ba da gudummawa an tsallake.

Mai Tambaya:
Ku gafarce ni, ni wani abu ne daban ke damuna. Sadaka ce ko neman suna? Kullum hoto, kullum bidiyo, ga mu nan mun gaji, ga mu nan mun iso. Ina tsoron riya ta cinye ladan. Wanda ya yi don Allah ai ba sai ya yi shela ba.

Na Gefe:
Yawwa, an zo wurin.

Malam Lissafi:
Abin mamaki, a nan ni zan kare yaran. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana, ta kuma ce ɓoyewa a ba matalauta ya fi alheri. Duka biyun an buɗe ƙofarsu. Su waɗannan ba sadakarsu suke tallatawa ba, kira suke yi wasu su bayar, kira kuwa ba a yin sa a ɓoye. Abin da ke zuciyarsu tsakaninsu da Ubangijinsu ne. Inda zan yarda da kai shi ne marasa lafiyar. Kada a shiga ɗakin jinya a ɗauki hoton wanda ciwo ya cinye a watsa don a motsa zukata. Ko ya ce ya yarda, wanda ke neman magani yardarsa ba cikakkiya ba ce.

Mai Tambaya:
Na karɓi rabin maganar. Amma har yanzu ina ganin idan hotunan mahaya sun fi bayanin asusun yawa, to a binciki niyya.

Anti Nas:
Wannan ma'auni ne mai kyau, Ɗan Feda ka riƙe shi. Duk abin da za ku wallafa ya ƙunshi abu ɗaya game da ciwon kansa: alamomin da ba a wasa da su, amfanin zuwa asibiti da wuri, abin da kuɗin ke saya. A garuruwan da za ku kwana ma za ku iya tsayawa ku yi wa mutane bayani. Wata mace ɗaya da ta je aka duba ƙullutun da ke mamanta da wuri saboda ta ji ku, ta ishe ku riba.

Ɗan Feda:
Na rubuta. Wata tambayar: kwana nawa za mu sa? Na ga ana ratsa Amurka cikin sati guda.

'Yar Tsere:
Yaya, rufa wa kanka asiri. Wancan Race Across America ne, kusan kilomita 4,800, an fara shi a 1982. Christoph Strasser ɗan Ostiriya ya gama shi a 2014 cikin kwana 7 da awa 15 da minti 56, amma da tawaga guda a mota tana ba shi abinci a baki, barcinsa kuma bai taka kara ya karya ba. A tseren 1983 wuyan Michael Shermer ya saki bayan kusan mil 2,000, ya kasa ɗaga kansa, har yau da sunansa ake kiran wannan larurar. Ba layinku ba ne.

Ku dubi Birtaniya. Daga Land's End a ƙarshen kudu maso yammacin ƙasar zuwa John o' Groats a can arewa mil 874 ne, kusan kilomita 1,400, daidai da irin taku, kuma ita ce hanyar da masu tara kuɗin agaji suka fi bi a can. Gwanin gwanaye ya yi ta ƙasa da awa 44, amma mutane irinku kwana 10 zuwa 14 suke sawa. Ɗaliban jami'ar Texas da ke hawa daga Austin zuwa Anchorage ta Alaska don yaƙi da ciwon daji, fiye da mil 4,000, kwana 70 suke yi, wato wajen kilomita 100 a rana idan aka raba. Ku yi lissafi a kan 90 zuwa 100 a rana, hutun yini guda bayan kowane kwana biyar ko shida. Sati uku ke nan da ɗan sarari.

Ku uku ne, ku yi amfani da hakan. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yawancin ƙarfin mahayi iska yake turewa, wanda ke bin bayan wani kurkusa yana rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahala. Ku riƙa karɓa-karɓa a gaba. Amma ku koya tun a gida, domin idan tayar gaban mai bin baya ta taɓa tayar bayan na gaba, na bayan ne ke shan ƙasa. Kuma ku binciki inda iska ke kaɗawa a watan da za ku tafi kafin ku zaɓi bakin da za ku fara. Tudu yana da ƙarshe, iskar gaba kuwa yini take.

Kawu Mai Gyara:
Yaran yanzu da giya ashirin kuna kuka. Thomas Stevens ya bar San Francisco a Afrilun 1884 ya isa Boston a Agusta, a kan keken nan mai ƙatuwar ƙafar gaba, babu kaca babu giya babu iska a taya, wurare da yawa tura shi ya yi a ƙasa yana bin layin dogo.

Na Gefe:
Kawu, kai ka yi masa faci a hanya?

Mai Kula da Zaure:
Na Gefe, a girmama manya. A ci gaba da magana a kan batu.

Hajiya Babba:
Ni tambayata ɗaya. Idan na yi alkawarin bayar da wani abu a kan kowace kilomita, sai suka yi rabi ɗaya ya ji ciwo suka dawo, yaya ke nan? Na biya rabi? Kuma ba na son alkawarina ya sa yaro ya ƙi sauka alhali jikinsa ya gaza, yana tunanin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Malam Lissafi:
Hajiya, shi ya sa ba na son tsarin kilomita. Yana da daɗin ji, yana sa mutane su bi tafiyar kullum, amma yana da illa biyu. Na ɗaya wanda kika faɗa, yana ɗaure mahayi. Na biyu, alkawari ba kuɗi ba ne. Bayan an gama, zumuɗi ya kwanta, sai a koma bin mutane bashi kamar masu karɓar haraji. A bayar kai tsaye tun kafin tashi ko ana cikin tafiya, a kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa kuɗin na asusun ne ko an kai ko ba a kai ba.

Anti Nas:
Kuma rashin kaiwa ba ya kashe tarawa. Terry Fox na Kanada, wanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon daji, da gudu ya nufi ratsa ƙasarsa a 1980. Ya yi kwana 143, kilomita 5,373, ciwon ya kama huhunsa ya tsaya kusa da Thunder Bay. Burinsa kowane ɗan Kanada ya ba da dala ɗaya, wato miliyan 24, kuma an cika shi bayan ya tsaya, kafin rasuwarsa a 1981 yana ɗan shekara 22. Har yau ana gudu da sunansa duk shekara.

Malam Lissafi:
Wanda ke ƙara nuna nisa ba shi ke kawo kuɗi ba. Kyaftin Tom Moore a Ingila yana da shekara 99 a 2020, zagayen lambun gidansa ya yi sau 100 da keken dogarawa, aka tara kusan fam miliyan 33 wa ma'aikatan lafiya. Don haka tambayata ta farko tana nan: kun tabbata sai kun ratsa ƙasa? Hawan kwana biyu da mutum hamsin, kowa ya kawo masu ba shi gudummawa, mai yiwuwa ya tara fiye da na mutum uku a sati uku, da ƙarancin haɗari.

'Yar Tsere:
Mutum hamsin a titi suna bukatar izini, da rakiyar jami'an hanya, da motar asibiti, da wanda zai ɗauki alhaki idan wani ya faɗi. Su uku ba su da wannan ƙarfin yanzu. Idan suka yi wannan da tsabta, aka ga rasit, baɗi hamsin ɗin za su zo da ƙafarsu. Ni ma ina ciki. Kafin wani ya ce mace ba za ta iya ba, Lael Wilcox ce ta zo ta ɗaya a tseren ratsa Amurka na Trans Am a 2016, gaban duk mazan da suka shiga.

Ɗan Feda:
Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Mun yi magana da abokaina yanzu. Kuɗin tafiya daga aljihunmu, gudummawa kai tsaye asusun masu jinya, babu tsarin kilomita, babu tafiyar duhu. Ratsa ƙasar dai muna nan a kai, Malam ka yi haƙuri. Abin da ya rage mana shi ne motar rakiya. Ɗaya yana so, ɗaya yana ganin ɓarnar kuɗi ce.

Tsohon Direba:
Ku samu motar. Ƙarama ta isa. Ba bin bayanku za ta riƙa yi a hankali tana tare hanya ba, wannan yana fusata direbobi su yi ta wuce ku da ganganci. Ta yi gaba kilomita 20, ta tsaya da ruwa, ku iso, ta sake yin gaba. Kayanku na ciki, keke ya yi sauƙi, wanda ya gaza a ɗauke shi.

Malam Lissafi:
Man motar na sati uku, da abincin direba da masaukinsa, wa zai biya?

Ɗan Feda:
Akwai wani mai kamfani da ya ce zai duba, idan za mu sa sunan kamfanin a riga.

Malam Lissafi:
"Zai duba" ba ta shiga littafi. Ka karɓo a rubuce, da adadin, da ranar biya, kafin ku buga riga ko ɗaya. Ka turo mini takardar tare da ta masu asusun in karanta. Idan sun yi daidai, ni zan riƙe muku lissafin in riƙa wallafa shi a nan duk Juma'a.

Kawu Mai Gyara:
Kekunan kuma a kawo mini su duka uku, har da takalman da kowa zai hau da su, don da su ake auna tsayin sirdi.